Evelyn Waugh da Habasha: Ina Matsayin Mai Zambo Idan Ya Goyi Bayan Azzalumi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka tsayar da shawara cewa wannan watan na marubutan zambo ne na ƙasar Ingila, ina so in gabatar da wanda a ganina ya fi cancantar mu yi muhawara a kansa, wato Evelyn Waugh, domin alƙalaminsa ya taɓo Afirka kai tsaye. An haife shi a Landan ranar 28 ga Oktoba, 1903. Mahaifinsa Arthur Waugh shi ne manajan kamfanin ɗab'i na Chapman and Hall, wanda ya buga da yawa daga cikin littattafan Charles Dickens. Shi Evelyn ya karanci tarihi a Jami'ar Oxford, ya bar ta a 1924 ba tare da digiri ba, sai ya kama koyarwa a wata ƙaramar makarantar kwana a arewacin Wales, aikin da ya tsana matuƙa. Daga wannan zaman ya samo ƙagaggen labarinsa na farko, Decline and Fall, wanda ya fito a 1928. Labarin wani salihin ɗalibi ne mai suna Paul Pennyfeather, wanda 'ya'yan manya suka yi tatul da giya suka tuɓe masa wando a harabar kwaleji, amma hukumar kwalejin ta kore shi shi kaɗai bisa laifin rashin ɗa'a. Daga baya ya shiga kurkuku a kan laifin da wata attajira ta aikata, ita kuwa ta auri minista ta ci gaba da rayuwarta. Duk wanda ya karanta wannan zai shaida cewa mutumin ya ga zaluncin masu gata a ƙasarsa, ya kuma iya fallasa shi.

To amma shi ɗin dai ne ya je Adis Ababa, babban birnin Habasha, a 1930 a matsayin wakilin jaridar The Times don bikin naɗin Sarki Haile Selassie, ya koma a 1935 a matsayin wakilin Daily Mail lokacin da Italiya ke shirin mamaye ƙasar, ya kuma fito fili ya goyi bayan Italiya. Tambayata ita ce, wane matsayi za mu ba mutumin da ya ga zalunci a gida ya yi masa zambo, ya ga wanda ya fi shi a waje ya yi masa kirari?

Alhaji Garba:
Wa'alaikumus salam, Malam Habibu. Kafin a kai ga hukunci, ina roƙon a ba ni dama in faɗi abin da ya sa 'yan jarida a duniya ba su daina karanta littafinsa Scoop na 1938 ba, don na yi shekaru a wannan sana'a kuma ban ga littafin da ya kama halinta kamarsa ba.

Wani bawan Allah ne mai suna William Boot, yana zaune a ƙauye yana rubuta wa jaridar Daily Beast ɗan shafi a kan tsuntsaye da dabbobin dawa, sai aka rikita sunansa da na wani marubuci mai suna Boot, aka tura shi ɗauko labarin yaƙi a wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Ishmaelia. Mai jaridar, Lord Copper, ya riga ya yanke tun daga Landan wa zai ci yaƙin da kuma irin nasarorin da yake so a aiko masa. Editansa na labaran waje, Mista Salter, amsa biyu kawai yake da ita a gaban maigidan. Idan maigida ya faɗi daidai sai ya ce tabbas haka ne, idan ya faɗi kuskure sai ya ce haka ne zuwa wani mataki. Kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakinsa. Na zauna a taron editoci inda mai gidan jarida ya faɗi abin da kowa ya san ba haka yake ba, aka sunkuyar da kai ana juya biro a hannu, ba wanda ya ce uffan, washegari kuma aka buga shi a shafin farko.

Akwai kuma labarin wani shahararren wakili, Wenlock Jakes, wanda aka tura ɗauko labarin juyin juya hali, barci ya ɗauke shi a jirgin ƙasa ya sauka a babban birnin wata ƙasa dabam da ke zaune lafiya. Bai ko leƙa titi ba ya shige otal ya aika da rahoton harbe-harbe da gawarwaki. Sauran jaridu suka turo nasu wakilan, su ma suka ji tsoron a ce an riga su, suka aika da irin nasa. Kasuwa ta faɗi, gwamnati ta firgita ta kafa dokar ta-ɓaci, kafin mako ya zagayo juyin juya halin ya auku da gaske. Haka nan garin Laku, wanda gwamnatin Ishmaelia ta tura duka 'yan jarida can don ta rabu da su, alhali babu garin sai a kan taswira. Waugh bai ƙago wannan daga iska ba, ya zauna cikin tarin wakilan da suka cika Adis Ababa a 1935 suna jiran yaƙin da ba su gani da idonsu, suna sayen jita-jita suna aikawa ta tangaraho. Mutumin da ya tona asirin abokan aikinsa haka, a ganina ya yi wa gaskiya hidima, ko da ya kauce a wani wurin.

Malama Zulai:
Ranka ya daɗe Alhaji, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa game da Scoop ba, amma kalmar kaucewa ta yi wa abin da ya aikata sauƙi ƙwarai. Ya kamata a ajiye tarihin a gabanmu. Sojojin Musolini, shugaban Italiya na lokacin, sun tsallaka cikin Habasha ranar 3 ga Oktoba, 1935, sun yi amfani da iskar guba daga jiragen sama a kan sojoji da ƙauyuka, sun shiga Adis Ababa ranar 5 ga Mayu, 1936. A watan Yunin wannan shekarar Haile Selassie ya tsaya gaban majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani ya bayyana yadda gubar ke zuba a kan mutanensa. Bayan duk wannan ne Waugh ya koma ƙasar a matsayin baƙon Italiyawa, ya gana da Graziani wanda aka ɗora a kan mulkinta, ya yaba shi, ya kuma rufe littafinsa Waugh in Abyssinia na 1936 da yabon hanyar motar da Italiyawa ke shimfiɗawa, yana kwatanta su da Rumawan dā masu kai wayewa. Marubuciya Rose Macaulay, 'yar ƙasarsu, ta kira littafin farfagandar Fasist, wato aƙidar mulkin kama-karya ta Musolini.

Watanni kaɗan bayan fitowar littafin, a Fabrairun 1937, aka yi yunƙurin kashe Graziani, sai aka saki sojoji da 'yan daba a kan mutanen Adis Ababa na tsawon kwana uku, aka kashe dubbai. A watan Mayu aka karkashe malaman zāwiyar Kirista ta Debre Libanos bisa umarninsa. Waugh ya ziyarci wannan wurin ibada a 1930, ya kwana, ya rubuta labarinsa a littafin tafiyarsa Remote People cikin raini da ƙyama. Wato ya san wurin, ya ga fuskokin mutanen. Kuma wannan ƙasa ce da ta karya rundunar Italiya a Adwa a 1896 ta tsare 'yancinta, ƙasar da mu Musulmi muka san ta da karɓar sahabbai a hijira ta farko a ƙarƙashin Najjashi. Mutumin da ya gane ƙaryar 'yan jarida sarai, ya zama shi ma yana ɗauke da babbar ƙarya, cewa mamaya alheri ce ga waɗanda aka mamaye.

Ɗanjuma:
Ina neman ƙarin haske daga manya. Na ji ana cewa a littafinsa Black Mischief Turawa ya fi yi wa zambo a kan baƙar fata, kuma wai duk wanda ya kira littafin na wariyar launin fata bai karanta shi da kyau ba. Shin wannan magana tana da tushe?

Malam Habibu:
Tana da ɗan tushe, Ɗanjuma. Littafin ya fito a 1932, yana ba da labarin wani tsibiri ƙagagge a gabashin Afirka mai suna Azania, da sarkinsa Seth wanda ya yi karatu a Oxford ya dawo da niyyar mayar da ƙasarsa ta zamani cikin dare ɗaya, ya ɗauko wani ɗan iskan Bature, Basil Seal, ya ba shi ma'aikatar zamanantarwa. Turawan da ke ciki babu na ɗauka. Jakadan Ingila ya fi damuwa da abin wasansa na roba a wurin wanka fiye da yaƙin basasar da ke ƙofar gidansa, jakadan Faransa yana hango makirci a cikin kowane motsi, ga wasu mata biyu da suka zo daga Ingila don kare haƙƙin dabbobi, suna tausayin karnuka suna tsallake yara masu yunwa. Har editan mujallar Katolika ta The Tablet ya yi tir da littafin, alhali Waugh bai daɗe da shiga ɗarikar Katolika ba, don a Satumban 1930 ya shiga.

Malama Zulai:
Haka ne Malam, amma a duba yadda aka raba zambon. Wautar kowane Bature a littafin tasa ce shi kaɗai, an ba shi suna da hali da dalili, mai karatu a Landan zai yi dariya ya ce ai na san wani mai irin wannan hali. Wautar Seth kuwa ita ce ya yi tsammanin mutanensa za su iya abin da Turawa suka iya. Da aka raba wa sojojinsa takalma, sai suka ɗauka abinci ne suka dafa suka cinye. A ƙarshe aka yi walimar cin naman mutane, inda Basil ya ci naman budurwarsa bai sani ba, sannan Ingila da Faransa suka karɓi riƙon tsibirin aka samu tsari. Ko Scoop ɗin da Alhaji ke yabo, da ya zo ba da tarihin Ishmaelia sai ya ce 'yan mishan da 'yan kasuwar da suka fara shiga ƙasar duk cinye su aka yi. Wannan tsohon zagi ne da aka daɗe ana yi wa Afirka don a halatta kama ta, shi kuma ya ɗauko shi ya yi masa ado da kyakkyawan salo.

Hajiya Rabi:
Ni zan ɗan janye mu daga Habasha, ba don in kare shi ba, sai don ina ganin amsar tambayar Malam Habibu tana cikin littafin da babu Afirka a ciki, wato A Handful of Dust na 1934, wanda a wurina shi ne mafi girman aikinsa.

A 1928 Waugh ya auri wata mai suna irin nasa, Evelyn Gardner, shekara guda ta bar shi ta bi wani abokinsu, auren ya mutu. Wannan ciwon ne ya zuba a labarin Tony Last, mutum mai gaskiya da ke son tsohon gidan kakanninsa, da matarsa Brenda da ta gaji da zaman ƙauye ta kama neman wani matashi marar aikin yi mai suna John Beaver. Ɗansu guda ɗaya shi ma sunansa John. Yaron ya mutu a haɗarin doki wajen farauta, aka aiko abokin gidan ya sanar da ita a Landan. Da ya ce mata John ya mutu, sai jikinta ya yi sanyi don ta ɗauka saurayin ne, da ta fahimci ɗanta ake nufi sai godiya ga Allah ta kuɓuce daga bakinta, sannan ta fashe da kuka. Marubucin bai ƙara kalma ɗaya ta sharhi ba. Duk uwar da ta karanta wannan shafin sai ta ajiye littafin ta yi shiru. Shi kuwa Tony ya ƙare a dajin Kudancin Amurka a hannun wani tsoho da bai iya karatu ba, wanda ya tsare shi yana sa shi karanta masa littattafan Dickens har ƙarshen ransa, kuma da masu nemansa suka zo tsohon ya ba shi abin sa barci ya nuna musu kabari.

Abin da nake so a lura shi ne, a nan Waugh ya san mutanen da yake yi wa zambo tun daga cikin ɗakunansu, ya san abin da ke sa su kuka, shi ya sa ko Brenda ba ta zama abin dariya kawai ba, ta zama mutum mai ban tsoro da ban tausayi. Habashawa kuwa daga barandar otal ya hange su, bai san harshensu ba, bai zauna ya ji abin da ke ransu ba. Inda ya sani zambonsa ya zama hukunci, inda bai sani ba ya zama zagi.

Malam Isiyaku:
Hajiya ta taɓo jijiyar maganar, ni kuma zan ƙara da abin da shi Waugh ya faɗa game da kansa. A wata maƙala da ya rubuta wa mujallar Life ta Amurka a 1946, ya musa cewa littattafansa zambo ne. Hujjarsa ita ce zambo yana rayuwa ne a al'ummar da ta yarda da ma'aunin ɗabi'a guda, kuma manufarsa ita ce jawo kunya, to a zamanin da mugun hali ya daina ɓuya a bayan na kirki, wa za a kunyata? Wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, domin mun san makaɗin fada ba ya yin zambo sai a gaban jama'ar da ta san abin kunya. Mun kuma san wani abu da Waugh bai faɗa ba, cewa makaɗin yana da ubangida, yana wasa shi yana zambatar abokan hamayyarsa. Don haka tambayar da ta dace ita ce, wane ne ubangidan Waugh? Ba Lord Copper ba ne, ba kuma 'yan gayun Landan da ya yi wa tsirara a Vile Bodies na 1930 ba. Abin da yake wasawa shi ne tsohon tsarin Turai, na manyan gidaje da cocin Rum, wanda ya fito fili a Brideshead Revisited na 1945. Duk abin da ya ga yana barazana ga wannan tsari, ko jarida ce, ko mulkin talakawa, ko sarkin Afirka mai neman kujera a tsakanin ƙasashe, sai ya sha zambo. Italiya kuwa ta zo da sunan Rum, shi ya sa ta sha kirari.

Yana da amfani a ajiye shi kusa da George Orwell, wanda yawancinmu muka sani ta Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtua. Shekara ɗaya aka haife su, 1903. Orwell ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) na kimanin shekara biyar, ya ga abin daga ciki, ya fito yana ƙyamarsa. Waugh bai taɓa riƙe sandan ba, baƙo ne da ake saukewa a gidajen jami'ai. A 1949, Orwell yana jinyar tarin fuka, Waugh ya ziyarce shi, kuma a cikin rubutun da Orwell ya bari bai kammala ba ya ce Waugh ya kai iyakar ƙwarewar da marubuci zai iya kaiwa alhali yana riƙe da ra'ayoyin da ba su karɓuwa.

Alhaji Garba:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun ubangida, amma kada a ɗauka mutumin ya tsaya inda yake a 1936. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke ya shiga soja yana da shekara 36, yana cikin rundunar da aka tura Dakar a 1940, ya ga rushewar sojojin Ingila a tsibirin Kirit a 1941, ya yi aiki a Yugoslabiya a 1944. Daga nan ya rubuta littattafai uku da aka haɗa da sunan Sword of Honour, tsakanin 1952 da 1961. Jarumin, Guy Crouchback, ya shiga yaƙi yana murna don yana ganin dama ce ta kare mutuncinsa da addininsa. A ƙarshe wata Bayahudiya 'yar gudun hijira ta ce masa ba 'yan Nazi kaɗai suka so yaƙi ba, har mutanen kirki sun so shi don su wanke kansu ta hanyar kisa, shi kuma ya amsa cewa yana cikinsu, ya nemi gafarar Allah. Marubucin da ya sa jaruminsa ya furta wannan, ya koyi wani abu game da yabon yaƙi.

Malama Zulai:
Ya koya game da yaƙin da aka yi a Turai a kan Turawa, Alhaji. Da aka sake buga Black Mischief a 1962, lokacin Gana da Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashe da dama sun riga sun karɓi 'yanci, ya rubuta sabuwar gabatarwa. Abin da ya ce shi ne, shekara talatin da suka wuce ana ganin baƙon abu ne a ce wani yanki na Afirka ba ya ƙarƙashin mulkin Turawa, amma tarihi bai bi hanyar da ake zato ba. Wannan ba nadama ba ce, mamaki ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma wannan tudun ya rasu yana tsaye a kansa, ranar 10 ga Afrilu, 1966, a gidansa da ke Somerset.

Ɗanjuma:
To ke nan, Malama, shawararki ita ce kada a karanta shi?

Malama Zulai:
A'a ƙanena, a karanta shi, ni ma ina karanta shi, kuma ina sha'awar yadda yake gina jimla ba tare da kalmar banza ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a miƙa wa ɗalibin aikin jarida Scoop shi kaɗai a ce ga mai faɗin gaskiya. Idan wannan zaure zai karanta shi, ina ba da shawarar mu haɗa shi da babin ƙarshe na Waugh in Abyssinia da kuma jawabin Haile Selassie na 1936, domin dukkansu daga yaƙi ɗaya suka fito.

Malam Habibu:
Na karɓi wannan shawara. Alhaji Garba zai jagorance mu a kan Scoop, Malama Zulai a kan sauran biyun, ita kuma Hajiya Rabi ina roƙonta ta shirya mana A Handful of Dust na mako mai bi masa, don har yanzu ina da ja a kan ko Tony Last wanda aka zalunta ne kawai, ko kuwa shi ma marubucin yana tuhumarsa da son gini fiye da son matarsa.